Labradorait, dutsen da ke kunna wuta ya kashe

Wani taubashina, ɗan gwaggona da ke harkar hatsi a nan Gusau, ya ga zobe a status ɗin WhatsApp na wani mai sayar da kayan azurfa, dutsen kan zoben shuɗi ne kamar wutar gas ɗin girki, ana juya shi a bidiyo yana ta walƙiya. Bai yi wata-wata ba ya tura kuɗi. Bayan kwana uku aka ba direba saƙo, ya je tasha ya karɓo, ya shiga ɗaki ya kwance leda, sai ga wani dutse toka-toka kamar an ɓantaro siminti an goge. Nan take ya doka min waya, "taubashi an cuce ni wallahi, kai da ka ɓata shekaru kana bokon duwatsu zo ka ga abin da aka aiko min." Na ce masa ai daman kai wayonka a bakin buhun gero ya tsaya.

Da la'asar sakaliya muna majalisa a bakin titi, yana ta bambami yana wurga hannu yana cewa sai an dawo masa da kuɗinsa, kawai sai zoben ya kama. Shuɗi ya mamaye fuskar dutsen baki ɗaya har da ɗan kore a gefe, ya sake motsa hannu abin ya ɓace, ya koma tokarsa. Aka yi tsit. Wani ya ce batir ne a ciki. Wani ya ce fenti aka zuba a ƙarƙashin gilas. Wani dattijo kuwa ja da kujerarsa baya ya yi yana cewa "wanga dutsi ba banza ba, ku yi a'uziyya."

Babu batir, babu fenti, babu aljani. Sunan dutsen labradorait, kuma abin da ya fi ɗaure kai game da shi shi ne kalar nan da ake gani kwata-kwata ba ta cikin dutsen. Da za ka cire shi ka jefa a turmi ka dake, gari fari-fari mai ɗan toka za ka samu, ko ɗigon shuɗi ba za ka gani ba. Ba kamar zanen da ya sha baba a marina ba, wanda ko ka yayyaga shi zare-zare kowane zare shuɗi ne. Shi wannan kalarsa a tsarin ginin cikinsa take, in ka rushe ginin ta tafi. Duk wanda ya riƙe wannan maganar to sauran bayanin, daga farashi har yadda ake gane na jabu, zai zo masa da sauƙi.

Bari mu fara da danginsa, don ba baƙo ba ne kamar yadda sunan ke nunawa. In ka ɗauki tsakuwar da ake fasowa daga dutse irin wadda ake zubawa a kankaren gini, ko ka je gindin dutsen Kwatarkwashi ka tsinci ɓalli ɗaya ka ƙura masa ido, za ka ga ba abu ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne kala-kala suka manne da juna. Akwai masu kama da gilas ko ƙanƙara, wannan shi ne kwats, farin dutsen nan da masu haƙar zinare ke bin jijiyarsa. Akwai baƙaƙen ɓawo-ɓawo masu ƙyalli, su ne maika. Sai kuma masu ruwan hoda ko fari kamar madara, masu fuska a shafe, to waɗannan su ne feldisfa, kuma su ne suka fi kowane ma'adini yawa a ɓawon duniyar nan, sun haura rabinsa. Labradorait ɗan gidan feldisfa ne. Wato dai dangin tsakuwa ne da muke takawa kullum.

Gidan feldisfa ya rabu biyu, akwai ɓangaren da fotasiyam ya yi wa yawa, su ne galibi masu ruwan hodar nan, akwai kuma ɓangaren sodiyam da kalsiyam da ake kira filajiyokilas, nan ne namu yake. Yadda na yi wa taubashina bayani da yarensa na kasuwa shi ne, ka ɗauka mudu ne ake cikawa da gero da dawa. In gero ne zalla, wato sodiyam, sunansa albait. In dawa ce zalla, wato kalsiyam, sunansa anotait. Tsakaninsu kuwa kowane irin gauraye yana yiwuwa, sai masana suka yanka layin gida shida suka ba kowane suna. Wanda kason kalsiyam ɗinsa ya kama daga 50 zuwa 70 cikin ɗari shi ne labradorait, na ƙasa da shi daga 30 zuwa 50 andisin, na sama da shi daga 70 zuwa 90 baitonait. Shi ke nan, sunan ma'auni ne kawai.

To ga inda mutane ke ruɗewa. Mafi yawan labradorait da ke duniya ba ya walƙiyar komai. Yana nan jibge a cikin baƙaƙen duwatsun da suka fito daga aman wuta, ana fasa su ana shimfiɗa titi ba wanda ya ko kalle su. Mai kunna wutar ɗan kaɗan ne, kuma sai abu biyu sun haɗu kafin a same shi. Na farko gaurayen ya faɗo a wani ɗan siririn tsakani, kalsiyam wajen 48 zuwa 58 cikin ɗari. Na biyu, kuma shi ne mai wuyar, narkakken dutsen ya huce a hankali ƙwarai, can ƙarƙashin ƙasa inda zafi ba ya saurin fita, ba irin na aman wuta da ke fitowa fili ya daskare cikin ɗan lokaci ba.

Me ya sa sai a hankali? Kun san romon kan sa in yana kan wuta, kitse da ruwa duk sun gauraye, amma in ya kwana ya huce sai ka tarar kitse ya ware ya yi nasa layi. Kusan haka ne, illa dai a nan abin ya fi ban mamaki don rabuwar tana faruwa ne bayan dutsen ya riga ya daskare. Da zafi sosai sodiyam da kalsiyam suna zaune lafiya a cakuɗe, da sanyi ya fara shiga sai zaman ya gagara, ƙwayoyin zarra su dinga rarrafawa kaɗan-kaɗan a cikin sandararren dutse, shekara dubbai kan dubbai, kowa na neman nasa. Ba su iya yin nisa, saboda haka maimakon su rabu gida biyu sai su jeru falle-falle, wannan falle kalsiyam ya ɗan fi yawa, na kusa da shi sodiyam ya ɗan fi yawa, haka haka har ƙasa, kamar bandir ɗin sabbin kuɗi da aka ciro daga banki. In da dutsen ya huce da sauri ba za su samu sukunin jeruwa ba, sai ya zama tsakuwa kawai. Duwatsun yankin Nain na Kanada inda aka fara samo shi sun kai shekara wajen biliyan 1.3.

Siririn fallayen nan ya wuce misali. Ana auna su da nanomita, wato ka ɗauki milimita ɗaya, ɗan tsakanin layi biyu na rula, ka raba shi gida miliyan. Tazarar da ke ba da kala tana tsakanin nanomita 128 zuwa 252. A kaurin silin gashi ɗaya za ka jera ɗaruruwansu.

Yanzu sai haske. Hasken rana da muke gani fari, a cikinsa akwai duk kalolin bakan gizo, kuma tafiyarsa irin ta igiyar ruwa ce, tudu da kwari, tudu da kwari. Kowace kala da tsawon takunta, shuɗi da shunayya gajeren taku gare su, daga wajen nanomita 400 zuwa ƙasa da 500, ja kuma mai dogon taku ne har ya haura 700. Wanda ya taɓa tsayawa bakin madatsar Bakalori ko wani tafki da safe ruwa na kwance ya jefa tsakuwa biyu ya ga yadda zobban ke haɗuwa, wani wuri tudu ya hau tudu ruwa ya ƙara tashi, wani wuri tudu ya faɗa kwari su kashe juna ruwan ya kwanta. To in haske ya shiga dutsen nan, kowace iyaka tsakanin falle da falle tana maido da ɗan kaɗan daga cikinsa baya, saura ya wuce zuwa na gaba, shi ma ya maido da ɗan kaɗan, haka har ɗaruruwa. Duk waɗannan 'yan guntayen hasken suna fitowa su nufo idonka, amma wanda ya dawo daga falle na biyu ya fi na farko doguwar tafiya, na uku ya fi na biyu. Kalar da ƙarin tafiyar ya yi daidai da takunta, ita ce duk guntayenta za su fito kafaɗa da kafaɗa, kamar masu turin mota da aka ce ɗaya, biyu, uku suka danna tare. Sauran kalolin kuwa wani na turawa wani na ja, sai su cinye juna. Abin da ya tsira shi kake gani.

Har lissafi ana yi kuma ba mai wuya ba ne. Haske yana rage gudu a cikin dutsen nan, ma'aunin wannan ragin wajen 1.56 ne. Ka ninka tazarar fallen sau biyu, don zuwa da dawowa, ka buga da 1.56. In tazarar 150 ce za ka samu 468, shuɗi ke nan. In 170 ce ka samu 530, kore. In 200 ce ka samu 624, ruwan lemo mai shiga ja. Ka gwada da 128 da 252 ɗin can ka gani, 400 da kusan 790 za su ba ka, wato daidai farko da ƙarshen abin da idon ɗan Adam ke iya gani. Ni dai ranar da na fara buga wannan a kalkuleta sai da na yi tasbihi. Kuma gwargwadon yadda kalsiyam ya ƙaru fallayen na ƙara kauri, kalar na matsawa daga shuɗi zuwa ja, shi ya sa dutse ɗaya zai iya yin shuɗi a nan, ruwan zinare a can.

Ba wai baƙon abu ba ne a wajenmu fa. Fetur da ya ɗiga a kududdufi da damina kusa da 'yan bumburutu, kalolin nan da ke yawo a kan ruwan, wannan dokar ce. Kumfar sabulu haka. Wuyan tantabara da ke yin kore ta juya ya koma shunayya haka, jelar ɗawisu ma danginsa ne. Ba wanda ya taɓa cewa akwai batir a wuyan tantabara.

Saura batun kunnawa da kashewa. Fallayen duk fuska ɗaya suke kallo, saboda haka gaba ɗayansu tamkar madubi ɗaya ne da aka binne a cikin dutse. Kun tuna muna yara muna haska wa mutane rana a ido da fasasshen madubi, sai ka karkata shi daidai kafin hasken ya sauka inda kake so. Haka nan sai haske da dutse da idonka sun yi saiti. Taubashina ya buɗe ledarsa ne a ɗaki mai duhu-duhu yana kallon dutsen kai tsaye, babu saiti, sai toka. Wani masanin ma'adinai ɗan Denmak mai suna Bøggild shi ya yi wa wannan walƙiya cikakken nazari a 1924 ya raɗa mata suna daga sunan dutsen, kafin shi da shekara ɗaya, 1923, Lord Rayleigh na Ingila ya yi rubutu a kanta, har yau kuma tsarin fallayen nan da sunan Bøggild ake kiransa.

Sunan kansa daga Labrado ne, wani yanki mai tsananin sanyi a gabar arewa maso gabashin Kanada. Littattafai suna cewa 'yan mishan na ɗarikar Morabiya ne suka gano shi a 1770 a tsibirin Paul kusa da Nain, suka aika da shi Turai, masu kayan ado na Ingila da Faransa suka yi caa a kansa. Wannan kalma ta ganowa dai ku riƙe ta da hannu biyu, irin ganowar da aka ce Mungo Park ya yi wa kogin Kwara ce, alhali mutanen Yawuri sun gaji da kamun kifi a cikinsa kafin a haifi kakansa. Mutanen wurin, Inuit, sun san dutsensu, har ana ba da wata tatsuniya da ake jinginawa gare su, wai hasken nan mai kore da shuɗi da ke rawa a sararin samaniyar ƙurewar arewa da dare a da a cikin duwatsu yake a tsare, sai wani jarumi ya soke su da mashi ya sake shi, ɗan abin da ya rage a ciki shi ne walƙiyar labradorait. Yau shi ne ma'adinin da lardin da Labrado yake ciki ya ɗauka a matsayin tambarinsa.

Labarin na Finlan ya fi burge ni. Wani masanin duwatsu, Aarne Laitakari, ya daɗe yana ganin ɓallayen wani dutse mai kala yana neman tushensa bai samu ba. A 1940 ana tsakiyar zaman ɗar-ɗar da Tarayyar Sobiyet, Finlan na gina katangar tsaro da ake kira layin Salpa, ana fasa manyan duwatsu ana jerawa don tare tankokin yaƙi, sai ɗansa Pekka ya ci karo da shi a wani wuri da ake kira Ylämaa. Na can jikinsa baƙi ne sosai, shi ya sa kalar ke fitowa rau, kuma yana ba da kusan duk kalolin bakan gizo har ja da shunayya. Sunansa na kasuwa sifektirolait, kuma a ƙa'ida na Finlan kaɗai ya kamata a kira haka, amma 'yan onlayin duk wanda ya ɗan yi kala da yawa sai su laƙaba masa don a ƙara kuɗi.

Mafi yawan wanda ke yawo a kasuwa yanzu, zobba da carbi da 'yan kunne da sarƙa, daga Madagaska yake, a nan Afirka, da yawa kuma sai an kai Indiya, musamman Jaipur, an yanka an goge kafin ya zagayo ya iso mu. Akwai fari mai shuɗin walƙiya da ake sayarwa da sunan dutsen wata mai bakan gizo, shi ma labradorait ne aka canza wa suna. A jihar Oregon ta Amurka akwai wani garai-garai kamar gilas mai ɗauke da 'yan ƙwayoyin tagulla a ciki, suna kiransa dutsen rana, tun 1987 shi ne dutsen ado na jihar a hukumance, amma nasa ƙyallin daga tagullar ne ba daga fallaye ba. A Yukren kuwa, yankin Zhytomyr, ba ma maganar zobe ake ba, gini ake da shi, ana yanka shi allo-allo, har a ginin kabarin Lenin da ke Mosko wanda aka kammala da dutse a 1930 an sa shi. Af, in kun taɓa ganin kantar banki ko ta otal ko saman kabad ɗin kicin na masu hali, baƙi-baƙi mai idanu shuɗi-shuɗi kamar ɓawon kifi, da masu tayil ke kira Blue Pearl, wannan yawanci larbikait ne daga garin Larvik na Nowe, feldisfa ne shi ma amma ba labradorait ba, ko da yake ana yawan sayar da shi da sunan. Kuma wani abin sha'awa, fararen wuraren da muke gani a jikin farin wata a sama, irin dutsen da filajiyokilas ya cika ne, 'yan sama jannatin Apollo 15 sun ɗauko wani gutsure a 1971, sai dai na can kusan kalsiyam zalla ne, ba ya walƙiya.

Mu dawo kasuwa, inda kuɗin mutane ke tafiya. Tunda kalar a saiti take, to rabin darajar dutsen a hannun mai yanka take. Kafin ya sa injin sai ya jiƙa ɗanyen dutsen da ruwa ya yi ta juya shi a ƙarƙashin fitila har ya gano fuskar da ke kamawa, sannan ya yanka daidai da kwanciyar fallayen, ya goge saman ya yi ɗan tudu kamar bayan kunkuru. In ya kuskure kwana kaɗan, dutse mai kyau ya zama matacce ko kuma sai ka kwantar da kai kamar mai leƙen ƙarƙashin gado kafin ka ga kalar. Shi ya sa ma carbin labradorait ba ya taɓa kamawa gaba ɗaya lokaci guda, kowace ƙwaya da inda nata madubin ya kalla, kana ja suna ƙiftawa ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau shi ne wanda walƙiyar ta cika fuskarsa, take kamawa daga kusurwa mai faɗi ba sai an sha wuya ba, jikinsa da duhu, tsagarsa kaɗan. Shuɗi da kore sun fi yawa, ruwan lemo da ja da shunayya sun fi wuyar samu.

Amma duk kyansa, ku ji da kyau, ba ajin yakutu ko zumurrudu ko daiman ba ne. Ɗanyensa da kilo ake sayarwa. Dutsen da ake shimfiɗa wa gini ai ba zai zama abin da za ka sayar da gona a kansa ba. In wani ya zo maka da labarin wai dutse ne da ba a samu, sai a fadar sarakunan Larabawa, to ka riƙe aljihunka. Sau da yawa ma kuɗin azurfar da aikin maƙeri sun fi kuɗin dutsen.

Saboda arharsa ba a cika wahalar yin jabunsa ba, amma akwai na gilas da na roba, akwai kuma wanda ake shafa wa wani siririn rufi a sama ko a rina shi. Gwajin mai sauƙi ne in ka gane bayanin baya. Na gaske yana mutuwa. In ka juya shi dole a samu kusurwar da zai koma toka, wanda ke ba da kala ta ko'ina, a inuwa da rana duk ɗaya, wannan ba shi ba ne. Na gaske kalar kamar daga ƙarƙashin fatar dutsen take tasowa, shimfiɗe, sau da yawa da 'yan layuka a jere da 'yan tsage-tsage da baƙaƙen ɗigo ko allurai a ciki. Na gilas ya cika tsafta, wani lokaci har da kumfar iska. Na roba ba nauyi kuma ba sanyi in ka ɗora a kumatu. Masu bidiyo kuma dabararsu sananniya ce, a jiƙa dutsen ko a shafa mai, a dallare shi da tocila, a riƙe shi a kusurwar da ya fi kyau kaɗai. Ba ƙarya suka yi ba, ba su dai faɗi duka ba. Ka ce a fita da shi waje a bushe, a juya shi zagaye ɗaya cikakke a hankali. Manyan dillalan duniya ma an taɓa yi musu, a shekarun 2000 wani jan andisin ya cika kasuwa ana cewa daga Kongo ko Tibet yake, daga baya ɗakunan gwaji suka nuna da yawansa farin feldisfa ne aka gasa da tagulla har ta ratsa shi ya yi ja.

Wajen ƙarfi, akwai ma'aunin da wani Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, daiman ne 10, yakutu 9, kwats 7, gilas da wuƙa wajen 5.5. Labradorait 6 zuwa 6.5 ne. Wuƙa ba ta cika yi masa komai ba amma kwats yana karce shi, kuma yashi da ƙurar da hunturu ke kwaso mana cike suke da garin kwats. Wato duk sanda ka ga zobenka ya yi buɗu-buɗu ka murza shi a jikin riga a bushe, sanfefa ka sa masa. Ka fara ɗauraye shi, ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, sannan ƙyalle mai laushi. Sannan yana da hanyoyin tsagewa biyu da suka kusa yin kwana 90 da juna, bugu ɗaya a ƙofar mota ko bakin turmi zai iya raba shi. Mai ɗaga buhu irin taubashina gara ya cire ya sa a aljihu in zai yi aiki, mata kuma a sarƙa da 'yan kunne ya fi daɗewa fiye da a zobe ko warwaro.

Batun da ake yayatawa a TikTok cewa wai yana kore maita, yana buɗe basira, yana jawo sa'a, ni abin da na sani a cikinsa kalsiyam ne da sodiyam da alminiyam da silikon da iskar oksijin, irin na tsakuwar ƙofar gidanku. Talla ce ta masu sayarwa, hukuncin rataya dutse da irin wannan niyya kuma malamai na nan kusa da ku.

Nan Zamfara tunda harkar haƙo ta shiga jinin mutane, kusan duk wata sai wani ya turo min hoton dutse mai ƙyalli yana tambaya ko ya dace. Yawanci maika ce, wadda ke ɓarewa da farce kamar ɓawon albasa, ko fairait mai ruwan zinare da ke yin baƙin gari in an goga, ko kuma dutsen kwalli mai nauyin tsiya da ke ƙyalli kamar azurfa. Duk waɗannan ƙyallinsu a fata yake kamar na ƙarfe, ba ya canza kala, shi kuwa labradorait nauyinsa na tsakuwa ne, ninki 2.7 na ruwa, inda dutsen kwalli ke wajen 7.5, zinare 19.3. Kuma don Allah kar a ce za a daka dutsen da ba a sani ba a tsakar gida don a ga cikinsa. Dutsen kwallin nan dalma ce. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta 2010 ba, lokacin da garin duwatsun zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ya kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Ko labradorait ɗin da ba shi da dalma, masu yanka shi da ruwa suke yi saboda ƙurar dutse na cin huhu.

Shi dai taubashina bai mayar da zobe ba, amma ya ci gaba da ƙorafin wai sai ya murɗe hannu kamar mai ciwon kafaɗa kafin ya ga shuɗin, mutanen da ke gefensa ne ke morewa. Washegari na raka shi wajen wani tsohon maƙerin farfaru a cikin gari. Muka gaisa, ya ce "Baba, so nake a ɗan ƙara masa wuta ko zai fi haske." Tsohon ya karɓa, bai ce komai ba, ya fito bakin rumfa ya lakato ruwa a kasko ya ɗiga a kai, ya yi ta juya shi a tafin hannu ya fi minti biyu. Sannan ya ce "yaro, in wuta ta taɓa wanga tsagewa zai yi, kuma ba laifin dutsi ba ne, wanda ya ɗora shi ne ya juya mashi baya." Ya sa ɗan ƙarfe ya buɗe bakin azurfar a hankali, ya ciro dutsen, ya juya kansa ya koma ƙasa, ya mayar ya danne bakin. Taubashina ya zura a yatsa ya miƙe hannu yadda mutum ke duba agogo, shuɗin ya taso masa har gefe da gefe. Ya tambayi kuɗin aiki, Baba ya ce ya kawo mudun gero biyu in ya tashi daga kasuwa.